Neman Hanya a Shafin Intanet na Kulob: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga abu ɗaya, wato yadda mutum zai shiga shafin intanet na kulob ko na wata ƙungiya ya samo abin da ya kai shi, ba tare da ya ƙona data a banza ko ya faɗa hannun 'yan damfara ba. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo, kuma kamar yadda muka saba mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki, ya iyali? Ina da gidan kallon ƙwallo a Wunti, kuma duk ranar Juma'a nakan rubuta wasannin mako da alli a allon da ke bakin ƙofa. Da hotunan jadawalin da ake turowa a WhatsApp nake aiki, har ranar da na rubuta ƙarfe uku alhali sai ƙarfe huɗu aka take wasa, janareta ya sha man awa guda, samari suna zaune suna yi mini ba'a. An ce in riƙa duba shafin kulob ɗin da kansa, amma duk sanda na shiga sai in tarar da tallar riguna da bidiyo, in rasa inda jadawalin yake. Ina mafita? Daga mai gidan kallo, Wunti, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar da aka ba ka daidai ce, domin hoton da ke yawo a WhatsApp ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san ranar da aka haɗa shi ba, kuma idan aka ɗage wasa hoton zai ci gaba da yawo da tsohon lokacinsa. Abin da ya rikita ka shi ne shafin farko, wanda ba don mai neman jadawali aka tsara shi ba. An tsara shi ne domin ya sayar da riga da tikiti, ya kuma nuna labarin da kulob ya fi son a gani a ranar. Kamar kasuwar Muda Lawal ce, inda masu tallar bakin ƙofa ke fara tarar mutum, alhali abin da ya zo saye yana can ciki a layinsa.

Saboda haka da zarar shafin ya buɗe a wayarka, kada ka bi hotuna zuwa ƙasa. Ka ɗaga ido zuwa kusurwar sama, ta dama ko ta hagu, za ka ga gajerun layuka uku, ɗaya bisa ɗaya. Idan ka taɓa su, jerin sassan shafin zai buɗe, kuma wannan jerin ne jagorarka. A kwamfuta ba a ɓoye shi, yana shimfiɗe a sama daga hagu zuwa dama. Tun da da Turanci ake rubuta sunayen sassan, ya kamata ido ya saba da kaɗan daga cikinsu: "Fixtures" ko "Matches" shi ne wasannin da ke tafe, "Results" waɗanda aka riga aka buga, "Table" ko "Standings" kuma teburin gasa. Sauran, irin su "News" da "Shop" da "Tickets", ba su shafi allonka ba. Idan kuwa ka yi nisa ka rikice, ka taɓa tambarin kulob da ke sama, zai mayar da kai shafin farko daga duk inda kake.

Shiga sashen jadawali bai gama aikin ba, kuma a nan ne masu gaggawa suka fi yin kuskure. Babban kulob ba tawaga ɗaya yake da ita ba: akwai ta manya, akwai ta mata, akwai ta 'yan ƙasa da shekara 21 da ta 'yan ƙasa da 18, kuma dukkansu suna ɗaya suke amsawa. Ka duba saman jadawalin ka tabbatar an zaɓi "Men" ko "First Team", ka kuma tabbatar kakar bana ce ba ta bara ba. A kowane wasa ana fara rubuta sunan mai masaukin baƙi, wasu shafukan kuma suna ƙara harafin H idan wasan gida ne, A idan na waje ne. Inda ka ga TBC, ba a tsayar da rana ko lokaci ba tukuna, kada ka sa shi a allo. Inda aka rubuta "Postponed" kuwa an ɗage shi, ya zama kwantan wasa.

Yanzu sai batun da ya shanye maka mai. Agogon Najeriya ba ya motsi duk shekara, amma Ingila da yawancin ƙasashen Turai suna tura nasu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Don haka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da na Landan ɗaya ne, wasan ƙarfe uku a can ƙarfe uku ne a Bauchi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuwa muna gabansu da awa ɗaya, wasan ƙarfe uku a can sai ƙarfe huɗu a nan, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa akasin haka suke: da hunturu agogonmu ɗaya da nasu, a sauran watannin kuma suna gabanmu da awa ɗaya. Shi ya sa wasan dare na Gasar Zakarun Turai da kuke kallo ƙarfe takwas a watan Satumba yake komawa ƙarfe tara a Nuwamba, alhali a Madrid ko Milan bai taɓa barin ƙarfe tara ba.

Wasu shafukan suna karanta agogon wayarka su nuna maka lokacin Najeriya kai tsaye, wasu kuma suna barin lokacin ƙasarsu, shi ya sa ba a ɗaukar lamba tsurarta. Ka duba haruffan da ke kusa da lokacin ko can ƙasan jadawalin. Idan GMT ne ka ƙara awa ɗaya, idan CEST ne ka rage awa ɗaya, idan kuma BST ne ko CET ko WAT ka rubuta shi yadda yake.

Ka kuma sani cewa jadawalin Firimiyar Ingila, mai ƙungiyoyi 20 da wasanni 380, tun watan Yuni ake fitar da shi, daga baya a riƙa matsar da wasanni zuwa Lahadi ko Litinin ko wani lokaci na ranar Asabar saboda gidajen talabijin da wasannin Turai na tsakiyar mako. Wanda ya kwafe jadawalin Yuni ya manna a bango zai sha kunya kafin kaka ta yi rabi. Abin da na fi so ga mai sana'a irin taka shi ne ya buɗe sashen jadawalin sau ɗaya, ya taɓa ɗigo ukun da ke kusurwar Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ya zaɓi "Add to Home screen". Daga nan shafin zai zauna a fuskar wayarsa kamar manhaja, ya riƙa leƙawa kowace Juma'a kafin ya ɗauki alli.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana mai shekara 16 yana buga ƙwallo a unguwa, kowa yana yaba ƙafarsa. Ya nuna mini wani shafi mai tambarin wani babban kulob na Turai, an ce suna ɗibar yara daga Najeriya zuwa makarantarsu ta horo, sai dai a fara biyan kuɗin fom da na biza cikin kwana uku. Akwai lambar WhatsApp da lambar asusun banki. Yaron ya hana ni sakat, har ina tunanin sayar da tumakina. Yaya zan gane ko shafin na gaskiya ne? Daga wata uwa, Azare.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki kai tumaki kasuwa. Kada ki biya ko sisin kwabo. Ban ga shafin ba, amma abin da kika zayyana ya ishe ni, kuma zan bi miki dalilan domin ki iya zaunar da yaron ki nuna masa da idonsa, tun da faɗa kaɗai ba zai cire masa abin daga rai ba.

Tambari ba shaida ba ne. Duk mai waya zai iya kwafo tambarin kulob da launinsa da hotunan filinsa cikin minti kaɗan. Abin da ba ya kwafuwa shi ne adireshi, domin kowane adireshi mai shi ɗaya ne a duniya. Ki sa yaron ya taɓa dogon akwatin da ke saman allo har adireshin ya fito gaba ɗaya. Ku tsallake https da sanduna biyu masu karkata da ke binsa, ku ci gaba har ku iso sanda ta gaba, wato alamar /, idan akwai ta. Sunan da ke dab da ita ta hagu shi ne na mai shafin. A misali, arsenal.com/news na Arsenal ne, kamar yadda manutd.com da chelseafc.com da realmadrid.com da fcbarcelona.com suke na masu su. Amma idan aka ga abu irin arsenal.com.rajista-kyauta.xyz, to mai shafin shi ne wanda ya sayi rajista-kyauta.xyz, sunan kulob ɗin da ke gaba ado ne kawai aka yi da shi. Haka nan a lura da harafi ɗaya da aka ƙara ko aka rage, ko sifili da aka sa a madadin harafin o.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke fitowa kusa da adireshi alamar amana ce. Abin da yake nufi kawai shi ne saƙon da ke tsakanin wayarki da shafin a rufe yake, wani ba zai karanta shi a hanya ba, kuma ɗan damfara ma yana iya samun wannan kyauta. Wannan rashin fahimta na cikin dalilan da suka sa Chrome ta sauya hoton kwaɗon da wata alama a 2023. Shuɗiyar alamar tantancewa ta X da Facebook ita ma yanzu ana iya samun ta da kuɗin wata-wata. Sakamakon farko da Google ke nunawa kuma wani lokaci talla ce da aka biya, za ki ga an rubuta "Sponsored" a kansa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a shiga ta shafin gasar, kamar premierleague.com, a taɓa kulob ɗin daga can. Idan an isa shafin na gaskiya sai a gangara har ƙarshensa, inda ake jera adireshin ofis da hanyoyin tuntuɓa da ainihin shafukansu na sada zumunta. Duk wani asusu da ba ya cikin wannan jerin, a ɗauke shi baƙo.

Daga nan yaron ya buɗe sashen "Academy" ya karanta da kansa. Manyan ƙungiyoyi suna da masu farautar 'yan wasa da suke turawa filaye su gani da ido, ba sa karɓar yaro ta hanyar fom da asusun wani mutum. Akwai kuma doka. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan matsayin 'yan wasa da sauya sheƙarsu ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan yanayi da aka keɓe, kamar idan iyayensa sun ƙaura zuwa ƙasar saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Dokar ba ta takarda kaɗai ba ce, domin a kanta FIFA ta hana Barcelona sayen 'yan wasa a 2014, ta kuma yi wa Chelsea irin wannan hukunci a 2019. Kulob ɗin da ya ga abin da ya sami waɗannan ba zai buɗe shafi yana kiran ɗan shekara 16 daga Azare ya turo kuɗin biza ba. Wa'adin kwana ukun ma dabara ce ta hana mutum shawara.

Idan akwai wanda ya riga ya tura kuɗi cikin ƙawayenki, ta garzaya bankinta a ranar da shaidar turawar, sannan ta kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Gombe. Shi kuwa yaron, kada a kashe masa gwiwa. Kocinsa na unguwa da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su ne suka san lokacin da ƙungiyoyin gida ke gwajin matasa, kuma ta wannan hanya yawancin 'yan wasanmu suka fara.

TAMBAYA: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu kan shekarar da Wikki Tourists ta ci Kofin Ƙalubale. Ni na ce zamanin soja ne, wasu suka ce bayan an koma farar hula ne. Na sa jikana ya duba a waya, ya ce ya bi wata mahaɗa sai ta nuna masa lamba 404. Shin an goge tarihin ne? A ina ake samun tsofaffin labarai? Daga wani dattijo, Jahun, Bauchi.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Kai ne da gaskiya. A 1998 Wikki ta ɗauki kofin, bayan ta doke Plateau United a bugun fenareti, mulkin farar hula kuwa sai 29 ga Mayun 1999 ya dawo. Idan gardamar ta zarce zuwa gasar lig, a 2016 ta ƙare a mataki na uku, shekarar da Rangers ta Enugu ta zama zakara.

Lamba 404 ba ta nufin an goge tarihi, ba kuma ta nufin wayar jikanka ta lalace. Saƙo ne daga shafin cewa ya ji kira, amma babu komai a wannan adireshin, ko dai an matsar da labarin ko an cire shi. Abin da zai yi shi ne ya goge duk abin da ke bayan alamar / a adireshin, ya koma shafin farko, ya nemi sashen "Club" ko "About", domin a ƙarƙashinsa ake ajiye "History" da "Honours", wato tarihi da jerin kofuna. Idan akwai hoton ƙaramin madubin ƙara girma a sama, wurin bincike ne, ya rubuta shekara ko sunan abokin karawa. Idan babu, Google zai yi aikin: ya rubuta site: ya manna adireshin shafin ba tare da tazara ba, sannan ya bar tazara ya rubuta abin da yake nema, sai sakamakon ya fito daga wannan shafin kaɗai.

Sai dai ya yi hattara da sunaye, domin kofin da kuka sani da Kofin Ƙalubale ya sauya suna fiye da sau ɗaya. An kira shi Federation Cup, an kira shi Aiteo Cup daga 2017, yanzu kuma President Federation Cup ake ce masa. Wanda ya nemi tsohon labari da sabon suna zai iya dawowa hannu rabbana.

Akwai wata matsala da ta fi damun ƙungiyoyinmu na gida, kuma gara in faɗe ta. Yawancinsu, har da Wikki da Gombe United, mallakar gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu kuma suna sauyawa. Adireshin intanet haya ake yi, ana sabunta shi shekara-shekara, saboda haka duk ƙungiyar da ta yi sakaci da biya, ko wanda ya buɗe mata shafin ya tafi da kalmar sirri, to shafin da abin da ke cikinsa za su iya ɓacewa, wani ma ya saye sunan. A ganina wannan asara ce da ta fi rashin maki uku, domin ana rama maki a mako mai zuwa, amma hotunan tsofaffin 'yan wasa da sunayensu idan suka salwanta da wuya a sake haɗa su. Abin da ke rage zafin shi ne rumbun Wayback Machine da ke archive.org, wanda aka buɗe wa jama'a a 2001, yana adana hoton shafuka kamar yadda suke a shekarun baya. Akwai kuma RSSSF, wadda ke tara sakamakon gasannin ƙasashe, har da jerin waɗanda suka ci kofin Najeriya. Game da labaran yau da kullum kuwa, ƙungiyoyin gida sun fi saurin sanarwa a Facebook da X da rediyo, don haka duk abin da jikanka ya gani a shafi ya fara duba kwanan watan da ke ƙarƙashin kanun kafin ya kawo maka shi majalisa.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne. Duk shafin kulob da na buɗe sai wani akwati ya rufe allon yana maganar "cookies", bayan haka kuma data ta ƙare kafin in karanta komai. Sannan idan na yi rajista inda aka ce "Join", na zama mamba ke nan? Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ƙanena, akwatin izini yake nema ya ajiye 'yan bayanai a wayarka, waɗanda wasunsu ke sa shafin ya tuna da kai, wasu kuma na masu talla ne. Dokokin Turai ne suka tilasta tambayar, musamman bayan dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki a 2018. Kana iya zaɓar "Reject" ko "Necessary only", shafin zai buɗe. Abin da ke cinye data kuwa bidiyon da ke kunna kansa ne da manyan hotunan shafin farko, don haka ka riƙa shiga kai tsaye sashen da kake so, ko ka yi amfani da Opera Mini mai matse shafi kafin ya iso wayarka. Idan Turancin ya yi tsauri, Chrome na iya juya shafin zuwa Hausa, sai dai fassarar na'ura ce, kada ka dogara da ita a abin da ya shafi kuɗi.

Rajistar kyauta asusu kawai take ba ka, na kallon wasu bidiyo da karɓar saƙonni. Zama mamba da kuɗi ake yi, da fam ko yuro, kuma a Ingila babban amfaninsa shi ne damar neman tikitin shiga fili, abin da mazaunin Yelwa ba ya buƙata. Ba ya ba ka hannun jari ko ƙuri'a. Ƙungiyoyi irin su Real Madrid da Barcelona ne mambobinsu ke mallakar kulob suna zaɓen shugaba, kuma shiga sahunsu yana da nasa sharuɗɗa. Idan har ka sa katin banki, ka duba ko an kunna sabuntawa ta kai tsaye, don kada a cire maka kuɗi baɗi ba ka sani ba.

TAMBAYA: Malam, ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta buɗe shafi, an ce a can za mu riƙa biyan kuɗin shekara da karanta bayanan taro. Na cike fom, amma duk sanda na sa imel da kalmar sirri sai ya ƙi buɗewa. Sakatare kuma ya ce laifin wayata ne. Daga wata malamar makaranta, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Malama, da wuya laifin waya ne. Irin wannan shafi gida biyu ne: na waje da kowa ke gani, da na ciki da sai mamba. "Register" ko "Sign up" na mai zuwa karon farko ne, "Login" ko "Sign in" kuma na wanda ya riga ya yi rajista, kuma kamannin sunayen yakan sa mutum ya yi ta sake cike fom alhali shiga ya kamata ya yi. Tsakanin biyun akwai matakin da aka fi mantawa. Bayan rajista shafin yakan tura saƙo zuwa imel ɗinki da mahaɗar da za ki taɓa ki tabbatar ke ce, kuma saƙon yakan faɗa akwatin "Spam". Ki duba can. Idan kin same shi kin taɓa amma bai buɗe ba, mai yiwuwa sai mai kula da shafin ya amince da sunanki tukuna, kuma wannan aikin sakatare ne ko wanda ya wakilta.

Ki kuma lura cewa kalmar sirri tana bambanta babban harafi da ƙarami, waya kuma takan mayar da harafin farko babba da kanta, ko ta ƙara tazara a ƙarshen imel. Ki taɓa hoton ido da ke gefen akwatin ki ga abin da kika rubuta. Idan duk bai yi ba, "Forgot password" zai turo miki hanyar sa sabuwa, kuma kada ki sa wadda kike amfani da ita a manhajar banki.

Bayan kin shiga, sunanki ko hoton kan mutum zai bayyana a kusurwar sama, a ƙarƙashinsa ake samun bayananki da tarihin biyan kuɗi. Bayanan taro da tsarin mulki galibi suna sashen "Downloads" ko "Documents" a matsayin PDF, idan kin taɓa su kuma suna sauka cikin ma'ajiyar wayarki, ba lallai su buɗe nan take ba. Kafin ki biya, ki tabbatar sunan da banki ya nuna na ƙungiyar ne, ki adana rasit, ki tura wa ma'aji kwafi. Babu ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke buƙatar lambar sirrin katinki ko lambar da banki ke turo miki ta saƙo, kuma idan fom ɗin ya nemi BVN ki tayar da maganar a taro, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su da taƙaita su ga abin da ake buƙata. Idan a shagon kwamfuta ko a wayar wani kika shiga, kada ki amince ya adana kalmar sirrin, kuma ki taɓa "Logout" kafin ki tashi.